Lissafi a Bayan Kwalin Sigari

Malkhaz ya fito daga ƙarƙashinta yana goge hannu da tsumma.
Bai dube ni ba, rufin gareji ya duba.
Ya ce, "Besarion, bana ba kuloci kaɗai ba ne.
Tsatsa ta cinye ƙasanta,
in ka taka da ƙarfi sai ka gaisa da kwalta."
Na ce, nawa?
Ya rubuta a bayan kwalin sigari:
lari dubu biyu da ɗari uku.
Zumar shekara guda ke nan, har da kakinta.

Na bi bakin kogin Rioni a ƙafa,
ina ƙidaya da yatsu kamar ɗan aji ɗaya.
Bara lagireto.
Bara waccan giya ta uku,
wadda ta koyi ficewa da kanta a gangare.
Batir sau biyu. Ƙofar baya kuwa igiya ce makullinta.
Shekara talatin da ɗaya wannan Niva tana shan mai
kamar wadda aka yi wa baki.

Da dare Tekla ta kira daga Italiya,
muryarta ƙasa-ƙasa, kada ta ta da tsohuwar da take jinya.
"Baba, rabu da ita. Je kasuwar Rustavi,
ni zan turo rabin kuɗin."
Na so in ce mata, ke ma ai aikinki ke nan,
juya abin da ya tsufa, a shafa masa mai, ya kai gobe.
Na haɗiye. Kuɗin nan da bayanta take nemo shi.

Na je Rustavi, don kada a ce ban je ba.
Motoci jere kamar haƙoran roba.
Na shiga wata mai ruwan toka,
injinta ba ya ko tari,
sai ƙara take mini don ban ɗaura bel ba.
Na durƙusa na leƙa cikinta, tazarar tafin hannu da ƙasa.
Wannan ce za ta hau Raca da amya goma sha biyu
a hanyar da ruwa ke sake wa fasali kowane mako?
Dillalin ya ce ba don ƙwari aka ƙera ta ba.
Ya yi gaskiya.

Da tsohuwar zuma ake magani, haka nake faɗa wa masu saye.
To amma tsohon ƙarfe fa?

Kujerar dama har yau da lotsawar Lamzira.
Tsinken gashinta na cikin aljihun gaba, tare da fulogi biyu.
Daren da na kai ta asibiti cikin dusar ƙanƙara
motar nan ko sau ɗaya ba ta mutu ba,
sai da muka dawo, ni da ita, kujera guda babu kowa,
sannan ta tsaya a ƙofar gida ta ƙi tashi kwana tara.

Sai dai tuna baya ba ya kama birki.
A gangaren Nakerala, cikin kaka,
na taka, ƙafata ta nutse kamar cikin ƙullu,
jikana Ilia yana barci a baya.
Ban gaya wa Tekla ba.
Wannan ne adadin da babu shi a kwalin Malkhaz,
shi ne kuma ya fi nauyi.

Na sa aka jawo ta gida, ƙarƙashin ɓaure,
na ce a ba ni mako uku in yi shawara.
A mako na biyu, da hantsi, na ji guna.
Wani taron ƙudan zuma ya baro amyarsa,
ya shige ta ramin tsatsar nan,
ya dunƙule a ƙarƙashin kujerar baya.

Na daɗe a tsaye, hula a hannu.

Malkhaz ya aiko: a sayo kaya ko a bari?
Na ce tana da fasinja, ya dakata.
Furen duwatsu ba zai jira ni ba, na sani,
saura kwana goma sha shida.
Motar haya zuwa Rustavi tana tashi ƙarfe shida na safe.
Na ajiye takalmana a bakin ƙofa,
kwalin sigarin kuma yana aljihu, ban yar ba.